Masu tayar da tsohuwar Fijo, ku fara ta birki kafin fenti

Duk mai bin hanyar Kandi zuwa Malanville ya saba ganinsu. A bayan gida, ƙarƙashin darbejiya, an ɗora gawar mota kan duwatsu, tayoyi sun tafi, kaji sun mayar da kujerar baya akurki. Yawancinsu Fijo ne, 504 ko 505, jefi-jefi a ga tsohuwar 404 bashe wadda ta girmi mai ita. A da masu sayen ƙarfe kaɗai ke kallonsu. Yanzu a nan Guéné samari sun fara jawo su, suna kwance injin a tsakar gida kan tabarma, suna wanke shi da kananzir, suna neman su tayar da abin da aka riga aka yi wa sallama. Ina goyon bayansu ɗari bisa ɗari, amma ina da ƙorafi kan inda suke fara aikin.

Ba sha'awa ce ta kawo wannan ba, matsi ne. Tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, gadar da ta haɗa Malanville da Gaya ta daina ciyar da mutanen da take ciyarwa: direbobi, 'yan kamasho, 'yan dako, masu abinci a bakin tasha. Wata biyu kafin nan Najeriya ta cire tallafin fetur, man kwalba da muke kira kpayo ya yi tashin gwauron zabo. Mutumin da cinikinsa ya karye ba zai yi tafiyar kilomita sama da 700 zuwa Kwatano ya zaɓi mota a filayen gwanjo ba. In ma ya samu kuɗin, motocin da ake saukewa yanzu kwamfuta ce ke tafiyar da injinsu. Wata 'yar fitila ta kama a gaban direba, sai an nemo mai na'ura a Kandi ko Paraku. Ita kuwa 504, bakaniken unguwa da sifana da filaya da kunnensa ya ishe ta.

A ba motar nan haƙƙinta. Ta fito a Faransa a 1968, shekara guda bayan nan aka zaɓe ta gwarzuwar mota a Turai. Kamfanin Peugeot ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Shi ya sa har yau kayan gyaranta ba su yi wuya a kasuwannin Najeriya ba, kuma babu garejin da ba a taɓa buɗe cikinta ba. Tana da tsayi daga ƙasa, tayoyin baya ne ke tura ta, kafireta gare ta wadda ake kwancewa a hura a mayar. Hanyar Karimama da damina, ko shiga gonakin albasa da shinkafa na bakin kogi, irin wannan mota suke so.

Na san abin da masu ilimin muhalli za su ce, cewa tsofaffin motoci hayaƙi ne da guba. Suna da gaskiyarsu. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. A shekarar ce ma CEDEAO ta amince da ƙa'idojin taƙaita shekarun motocin da za a riƙa shigowa da su. To amma wannan magana ce ta abin da ke shigowa ta tashar jirgin ruwa. Motar da ta shekara 30 a ƙasar nan ta riga ta zama tamu. In an canja mata ringi, an daidaita kafireta, an sa fulogi masu kyau, hayaƙinta zai ragu ƙwarai, kuma an rage juji ɗaya da za a sake yo mana oda daga Turai.

Ga inda nake rabuwa da samarinmu. Da zarar injin ya yi tari ya tashi, sai murna ta ɗauke hankali. Kuɗin da ya rage sai ya tafi wajen mai fenti, a sa ham mai kukan jirgi, a ɗaura lasifika a but, a kira mai rubutu ya zana addu'a a gilashin baya. Addu'a kam muna so, amma Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Ka leƙa ƙarƙashin motar nan mai sheƙi, ka ga tiyon birki ya tsattsage yana gumi, tayarod yana rawa an ɗaure shi da roba.

Babban abin da ya fi damuna shi ne ƙarin sifirin. Kusan kowace bashe da aka tayar, abu na farko da mai ita ke nema wurin mai walda shi ne a ƙara mata ganye biyu ko uku a baya don kada ta zauna in an lafta mata buhuna. Kuma lallai ba ta zama. Sai dai sifirin ɗin kawai aka ƙara wa ƙarfi. Birkin nan shi ne na da, boris ɗin taya na da ne, aksil na da ne. Abin da muke koya wa yara a aji ba ya canjawa don an fita titi: in nauyin mota ya ninka, aikin da birki zai yi kafin ya tsayar da ita ya ninka, in gudu ya ninka, aikin ya ninka sau huɗu. Duk wannan aiki zafi yake komawa a cikin birki. Sannan in aka yi mata karaga a sama aka jera albasa har ta fi tsayin mutum biyu, fasinja kuma suka hau bisa, nauyin ya koma sama, kwana kaɗan ko rami ɗaya ya isa ya kifar da ita. Wanda ke bisa buhun nan ba shi ya zaɓi sifirin ba. Tsohuwa ce da za ta kasuwa, ko ɗan makaranta da ya samu dama zai koma gida hutu.

Sai maganar man birki, wadda ban san ranar da za mu daina wasa da ita ba. Har yanzu akwai masu zuba ruwan sabulu in man ya ƙare, wai ai yana kamawa. E, yana kamawa da safe a tasha, mota ba kaya, birki da sanyi. Bari a yi tafiya a taka shi sau goma da lodi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai ƙafar direba ta tafi har ƙasa ba abin da ya riƙe. Ko man na gaske ma yana shan danshin iska a hankali, shi ya sa ake so a zubar da shi a sa sabo kamar duk shekara biyu. Motar da ta yi shekara biyar kan duwatsu, babu tambaya: a zubar, a canja robobin, a duba kowane tiyo tun daga gaba har baya. Duka kuɗin wannan bai kai na fenti ba.

Taya ma haka. Muna sayen ta gwanjo muna duba zanenta kawai. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke faɗin ranar haihuwarta: 2314 na nufin mako na 23 na shekarar 2014. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, masu ƙera ta da kansu ba sa son ta wuce shekara 10. Ku tuna kuma irin zafin kwaltar Malanville a watan Afrilu.

Akwai wani gyara da kusan kowane bakanike ke yi da kyakkyawar niyya, wato cire ɗan ƙarfen nan mai daidaita zafin injin, wai ƙasarmu zafi gare ta, na Turawa ne. Injin da bai kai zafinsa ba ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. In mota tana zafi, a duba lagireto da aka shekara ana cika shi da ruwan kogi har laka ta toshe shi. Wannan dai asarar aljihu ce, ta mai mota shi kaɗai, don haka ba zan tsaya a kai ba. Wanda ba na iya wucewa shi ne tankin ɓoye da ake waldawa ƙarƙashin kujera don dakon kpayo. Gobarar rumbun man Sèmè-Kraké ta 23 ga Satumban 2023 ta ci mutum sama da 30. Motar da aka yi wa irin wannan tanki, ta ɗauki fasinja, ga tsofaffin wayoyin wuta da aka naɗe da leda, ƙaramin rumbu ce mai tayoyi.

Hukuma ma tana da nata. Wanda ya cire injin fetur ya dasa na gazuwal, ko ya yanke 504 doguwa ya mayar da ita bashe, motarsa ta daina dacewa da abin da ke rubuce a katinta. Yawanci tsoron kuɗi da doguwar tafiya ke sa mutane su guje wa bizit, su zauna cikin hanyoyin ƙauye inda ba mai tambaya, kuma a nan ne mata da yara suka fi hawa. Cibiyar CNSR mai duba lafiyar motoci za ta yi babban aiki in tana kawo ma'aikatanta Guéné ranar kasuwa, ko da sau ɗaya a wata uku, su duba birki da sitiyari da taya da fitila, su faɗa wa mai mota abin da zai gyara, su ba shi wa'adi kafin a yi zancen tara.

A matsayina na malamin makaranta, idona ya fi zuwa kan yaran da ke tsugune gefen injin suna miƙa sifana. Da yawansu sun bar aji tun kafin su kai ga jarrabawar CEP, kuma duk abin da suka ga maigidansu ya yi, shi za su yi shekara 40 masu zuwa. Ƙasar nan tana da takardar shaidar sana'a ta CQM don irinsu. Ina roƙon shugabannin kanikawa na Malanville da Guéné su sa sharaɗi tsakaninsu: kada a yaye yaro sai ya kwance birki gaba da baya a gaban manya, ya mayar, ya fitar da iska daga tiyo, ya kuma karanta shekarar taya da bakinsa.