Ba Durƙuso, Ba Zagi: 'Yan Lakwal da Alƙalin Wasa

'Yan'uwa na Magarya da Dungas, na Bande da Wacha, ku saurara!

Ɗan lakwal yana buga balo, alƙali ya hura usur, sai yaro ya taso masa da yatsa, yana ce masa "kai!" kamar sa'ansa. Manya a bakin fili suna tafi, wai yaro ya san 'yancinsa. Ƙarya ce! Rashin kunya ne, kuma manyan nan su suka koya masa, da ashar ɗin da suke ɗura wa alƙali daga inuwa.

Amma kada wani ya ce mu koma zamanin da talaka ke tuɓe hula ya faɗi gaban kumandan. Dokar da ta ba shi ikon ɗaure mutum ba shari'a ta mutu a 1946, ita da aikin tilas. Ba mu sa 'ya'yanmu lakwal don su koyi rawar jiki ba.

Yaro ya tsaya da ƙafafunsa, ya ce "Malam alƙali", malaminsa "Mushe", dattijo kuwa "Baba". Ya faɗi kukansa sau ɗaya, ya koma wasa. In gardama ta taso, kyaftin kaɗai zai je. Haka aka yi a gasar ƙasashen Turai ta 2024, wanda ya yi shisshigi ya sha katin gargaɗi.

Kowane reshe ya tura mutum biyu fili ranar wasa. Babban da ya zagi alƙali gaban yara, a kira sunansa a taron reshe.