Kukis da kwamfutar ofis a Bompai

A masana'antun Bompai, Sharada da Challawa, ba abin mamaki ba ne a tarar kwamfuta ɗaya tana yi wa mutum uku aiki. Da safe akawu ya tura kuɗin dizal ta shafin banki, da rana mai sayo kaya ya bincika farashin ƙwayar roba a China, da la'asar sakatare ya buɗe imel ɗin kamfani. Kowane shafi sai ya turo ɗan akwatin nan mai neman izinin ajiye kukis, kowa kuma danna "na amince" yake yi ya wuce, don aiki na jira.

Kukis ɗan guntun rubutu ne, bai cika wuce kilobait 4 ba, wanda shafi yake ajiyewa a cikin burauzar mai ziyara. Lou Montulli, injiniya a kamfanin Netscape na Amurka, shi ya ƙirƙiro shi a 1994 don shafi ya riƙa gane wanda ya dawo. Aikinsa irin na katin baƙo ne da maigadi yake bayarwa a bakin get: muddin katin yana wuyan mutum, babu mai sake tambayar sunansa. Shi ya sa ake sa kalmar sirri sau ɗaya a ci gaba da aiki.

To amma katin bai san fuskar mai shi ba. Shafin banki yakan rufe kansa bayan 'yan mintoci, imel da Facebook kuwa suna iya yin makonni a buɗe. Duk wanda ya hau kujerar bayan an tashi, shafin zai ɗauke shi a matsayin mai asusun. A imel ɗin nan kuma takardun ciniki da lambobin asusun abokan hulɗa suke. Akwai ma muggan manhajoji da aikinsu ke nan, su kwashe kukis su tura wa ɓarayi, su shiga asusu ba tare da kalmar sirri ba. Wannan shi ya fi cancanta ya hana manaja barci.

Akwai kuma kukis na kamfanonin talla, masu bin mutum daga shafi zuwa shafi. Wanda ya duba farashin janareta yau, gobe tallan janareta ne zai yi ta tare shi. Burauzar Firefox ta fara toshe irin waɗannan kukis a 2019, Safari ta toshe su gaba ɗaya a 2020, Google kuwa a Yulin 2024 ya janye shirinsa na cire su daga Chrome.

Doka ma ta shigo ciki. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ranar 12 ga Yuni, 2023. A Agustan 2024 hukumar kare bayanan jama'a, NDPC, ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, kuma amfani da kukis ba da cikakken izini ba yana cikin abin da ta zarge shi da shi, ko da yake bankin ya musanta. Masana'antar da ta buɗe shafi tana karɓar oda, ita ma dokar ta hau kanta.

Maganin ba ya cin ko kwabo. Idan akwatin ya fito, a ƙi kukis na talla, a bar waɗanda shafi ba ya aiki sai da su. A wurin saitin Chrome, ɓangaren sirri da tsaro, ana iya toshe na 'yan talla a kuma goge tsofaffi, sai dai bayan gogewa dole a sake shiga kowane asusu. Tagar Incognito tana zubar da nata kukis da zarar an rufe ta, don haka ita ta dace da baƙon da ya roƙi aron kwamfuta. Manaja kuma ya sa a buɗe wa kowane ma'aikaci nasa shigar a kwamfutar, ya mai da fita daga asusu ƙa'ida kafin a tashi sallah ko a canja masu aiki.