Teburin littattafai ya koma na caja

Ran nan na leƙa Kasuwar Dole a Damagaram, zan saya wa ƙanwata da ke Kelle littafin Hausa bugun Kano. Na tarar mai teburin ya koma sayar da caja.

Ya ce, "Malam, ai marubutan yanzu a WhatsApp suke sayarwa, ka tura kuɗi a turo maka."

Ban ga laifinsu ba, takarda ta yi tsada. Ni kaina shadda ta waya nake saye, in biya ta Nita. Amma ƙanwata ƙaramar waya gare ta, kuma littafin da nake aika mata sai ya zaga gida biyar kafin ya yage.

Marubuta, don Allah ku riƙa buga ko kaɗan ne. Mu da ke birni mu saya, mu ba direban Gure ya kai.