Gishirin Da Ba A Aunawa Da Mudu

'Yan'uwa manoma, idan ganyen gyaɗa ya yi fari-fari, da yawa cikinmu sai mu ce taki ne bai isa ba, mu sake cin bashin wani buhu. A ganina muna yin gaggawa. Ku tuge gindi ɗaya, ku fasa 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa. In cikinsu ja-ja ne, suna aiki, suna ɗebo naitirojin daga iska domin shuka. In fari ne, aikin ya tsaya, kuma wani lokaci abin da ya rasa shi ne sinadarin molibdenam.

Tun 1939 masana a Amurka suka tabbatar shuka ba ta rayuwa sai da shi. A Ostareliya kuwa, bayan 1940, makiyaya sun farfaɗo da filayen da suka gaji da ɗan gishirinsa, wanda ake kira sodiyam molibdet. Ƙasa mai tsami takan riƙe shi, saiwa ta kasa sha. Jigawarmu da aka daɗe ana zuba mata takin salfa takan yi irin wannan tsami, toka ko farar ƙasa kuwa suna rage shi.

Amma fa kada kowa ya ruga kasuwa. Abin da eka guda take bukata bai cika tafin hannu ba. In ya yi yawa, yana shiga harawa, ya hana shanu da tumaki amfana da tagulla a jikinsu, su yi ta zawo suna ramewa. Wanda ya ceci gyaɗa ya kashe saniyar noma, ina ribarsa?

Saboda haka shawarata ita ce ƙungiyar manoma ta kowace ikkilisiya ta tara ƙasa daga gonaki tun da rani, ta ba malamin gona ya aika a gwada. A ɗakin gwaji ma da wani gishirin molibdet ake auna fosfaras: ruwan yakan koma shuɗi, zurfin shuɗin ya nuna ko gona tana bukatar sufa.

Sai gargaɗi ga mata. Akwai fenti mai ruwan lemo da ake haɗawa da molibdet da dalma, dalma kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Kada a ajiye ruwan sha ko kunu cikin tsohon gwangwanin fenti, ko da an wanke shi.