Wa'adi Ya Ƙare, Ƙofar Kurkuku Ba Ta Buɗe Ba

A kasuwar Ngong, kan hanyar Garwa zuwa Ngaundare, duk wanda ya taɓa sayar da shanunsa don ya fanshi ɗan'uwa daga hannun zargina a dajin Mayo-Rey ko Tuboro, maganarsa ɗaya ce: in an kama su, kada a sake su har abada. Ba mu ga laifin mai wannan magana ba. Sai dai ya kamata mu duba wane ne doka take riƙewa bayan ya gama wa'adinsa.

Dokar hukunta laifuka ta Kamaru, wadda aka sabunta a 2016, ta ba alƙali ikon ƙara wa mai maimaita laifi tsarewa ta shekara 5 zuwa 20 bayan hukuncinsa, da sunan aiki da gyaran hali. Turawa ma sun yi ta rigima a kan irin wannan. A 2009 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta samu Jamus da laifi, saboda ta tsawaita tsarewar wani mutum da dokar da aka yi bayan ya aikata laifinsa. Hujjar kotun ita ce, ko me aka kira ta, tsarewar nan hukunci ce.

Amma akwai wata ƙofar da ta fi kusa da mu 'yan kasuwa, wato ɗauri saboda rashin biyan tara da kuɗin kotu. Dokar shari'ar laifuka ta 2005, da ta fara aiki a 2007, ta jera shi daki-daki: kwana 20 ga bashin da bai wuce sefa 10,000 ba, yana hawa har shekara 5 ga wanda ya haura miliyan 5. To, a nan ba a tambayar ko mutum yana da haɗari ga jama'a, aljihunsa kawai ake dubawa. Babban ɓarawon da ya tara kuɗin fansa zai biya nan take ya fita, yaron shago ko ɗan dako da aka ɗaure kan buhun gyaɗa kuwa sai ya ci gaba da kwana a gidan yarin Garwa, iyalinsa na yawon neman rance. Wannan ba shi ne tsaron da masu shanu suke roƙo ba.

Dokar dai ta hana irin wannan ɗauri ga wanda bai kai shekara 18 ba, da wanda ya wuce 60, da mai juna biyu. Don haka masu ɗan'uwa a ciki su nemi takardar hukunci tun da wuri, su san nawa ake bin sa, su karɓi rasit in sun biya. In kuma an biya, wa'adi ya cika, aka ƙi sakinsa, sashe na 584 ya ba su damar kai ƙara gaban shugaban babbar kotun yankin domin ya ba da umarnin a sake shi nan take.