Farautar Kaka ko ta Bazara: Wacce Maharbi Zai Zaɓa?

A wannan wata za mu ajiye zancen gona kaɗan, mu shiga daji. Kowace shekara, da an kai dawa rumbu, sai gardama ta tashi tsakanin maharba. Waɗansu su ce a ɗauki kwari da baka tun yanzu, a Nuwamba da Disamba. Waɗansu kuwa su ce a dakata sai Maris ko Afrilu, sa'ad da daji ya bushe, nama ya rasa wurin ɓuya. Samari da yawa da suka gaji baka daga iyayensu suna tambaya, wace magana ce gaskiya? To, bari mu auna su biyun.

Da farko mu tuna da halin baka. Baka ba bindiga ba ne. Kibiya ba ta da amfani sai maharbi ya matso kusa, kamar taku 20 ko 30. Saboda haka aikin maharbi duka sanɗa ne. Domin wannan ne mutanen da suka ƙago dabarar burtu, watau a ɗaura kan tsuntsun nan a goshi, a sunkuya ana tafiya kamar yadda yake kiwo, har a iso kusa da barewa ba ta farga ba. Duk lokacin da za mu zaɓa, tilas mu tambayi kanmu, yaushe ne sanɗa take yiwuwa?

A farkon lokaci, watau daga ƙarshen girbin dawa zuwa tsakiyar hunturu, akwai sauran ciyawa da kara a tsaye. Maharbi yana da abin fakewa. Iskar hunturu kuma tana busowa daga arewa maso gabas, ba ta cika sauyawa ba. Wanda ya fuskanci iskar yana tafiya, nama ba zai ji warinsa ba. Dabbobi sun ci ɗanyar ciyawa damina duka, sun kuma yi kalar wake da hatsi a gonaki, don haka gada da zomo da zabo duk suna da ƙiba. Ga sanyi, nama yana kaiwa gida bai lalace ba, in an yanyana shi aka shanya kuma iskar ta busar da shi maza.

Amma fa akwai wahala. Ruwa bai ƙare a kududdufai ba, abinci yana ko'ina, saboda haka nama a warwatse yake. Mutum ya yi yini yana yawo ya komo da zabo ɗaya, ko ma hannu wofi. In an harbi dabba ta shige ciyawa, bin sawunta aiki ne. Kububuwa ma tana nan cikin ciyawar. Abin da ya fi duka, a wannan lokaci mata da yara suna kala, Fulani kuma sun kawo shanu cin kara. Kada a kuskura a saki kibiya a kan motsin ciyawa kawai. Dafin kwankwani zuciya yake tsayarwa, bai san mutum ba, bai san gada ba. Sai ka ga dabbar da idonka sarai, ka kuma ga abin da yake bayanta.

Yanzu mu duba ƙarshen lokaci. A Maris da Afrilu daji ya zama fili. Wuta ta cinye ciyawa, dabbobin gida sun cinye sauran. Tafkuna sun ƙafe sai ɗaya-ɗaya. Namun daji sukan taru a fadamu inda akwai ɗan kore, da gindin gawo, gama shi ne itacen da yake da ganye da rani, yana kuma zubar da 'ya'ya. Sawu yana fita sarai a kan toka da rairayi. Mutum ba ya bukatar gwaninta. Ya sami wuri ya laɓe kusa da ruwa, nama zai kawo kansa. Wannan ne ya sa ake cewa bazara ta fi riba.

To, amma wace irin riba ce? Dabbar da ta sha yunwa wata uku ƙashi ce da fata. Zafin Afrilu a ƙasar Dutse yakan wuce digiri 40, naman da aka kashe da hantsi kafin la'asar ya soma wari. Sanɗa ba ta yiwuwa a fili, ganye busasshe yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa, iska kuma tana juyawa yadda ta ga dama. Saboda haka masu fita a wannan lokaci sukan bar baka, su koma ga karnuka da gora da cinna wa daji wuta. Wuta kuwa ba ta zaɓe. Tana cin ƙanana, tana cin itatuwa, wani lokaci har ta kai ga rumbunan mutane. Ga shi kuma damina ta ƙarato, lokacin da zabi suke saka ƙwai. Gada da barewa wata shida ko fiye suke ɗauke da ciki, ɗa guda kuma suke haifa. Wanda ya kashe mai ciki a bakin tafki, biyu ya kashe. Wanda ya kashe dukan waɗanda suka tsira daga rani, iri ya cinye. Ko manomin da yunwa ta kama ba ya taɓa irin shuka.

Mu mutanen Yalwawa ba mu bukatar wani ya zo daga nesa ya gaya mana wannan. Kirarin garinmu Dutse Gadawur. Labarin kaka da kakanni ya ce wani maharbi Babarbare mai suna Duna Magu ne ya fara zama a nan, domin yawan gada da ya tarar a cikin duwatsun nan. Tun da aka kafa Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birni, gidaje da gonaki suka mamaye wuraren da dā daji ne. Yau tambayi 'yan makaranta, nawa ne cikinsu suka taɓa ganin gada a raye? Barewa kuwa ta yi ƙaranci ƙwarai, har masana sun sa ta cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Ita kam shawararmu a bar ta gaba ɗaya, kaka da bazara.

Ba mu kaɗai wannan abu ya taɓa samu ba. A Amurka, wajen shekara ta 1900, irin barewarsu mai farar wutsiya ta ragu har ba ta wuce 500,000 ba, saboda kisa ba iyaka. Sai jihohinsu suka yanka wa farauta lokaci. Jihar Wisconsin ta keɓe wa masu baka nasu lokacin tun 1934. Ana harbi da kakarsu zuwa cikin sanyi, a rufe kafin watannin haihuwa. Yanzu dabbar ta kai wajen miliyan 30. Mu ma muna da doka. Tun 1963 Arewa ta yi dokar namun daji, a 1985 kuma gwamnatin tarayya ta yi ta kare dabbobin da suke ƙarewa. Gandun daji irin na Baturiya a ƙasar Haɗeja, da Falgore a Kano, da Yankari a Bauchi, ba wurin farauta ba ne ko da wane wata. Kafin a fita, a je wurin malamin daji a ji abin da aka yarda da abin da aka hana, a kuma sanar da mai unguwa da Sarkin Baka.

Ga shawararmu ke nan. A dakata sai an gama kwashe dawa da wake, domin kada a tattake amfanin maƙwabci. Sa'an nan a yi farauta daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu. A zaɓi namiji, a bar mace, a bar ƙarami. Da sanyi ya tafi, a kwance tsirkiya, a rataye kwari inda hannun yara ba zai kai ba, a koma sharar gona da kai taki. Lalle farautar farkon lokaci ta fi gajiyarwa, amma ai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Uban da ya koya wa ɗansa ɗana kibiya, bai koya masa ranar rataye baka ba, rabin sana'a ya ba shi. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen shanya nama da adana shi. Ku huta lafiya.