Idan dabbarka ta kuɓuce, kada ka yi shiru

'Yan uwa mazauna Anacha, Nkpor, Obosi, Ogidi da kewaye.

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a majalisunmu, mun ga ya dace mu fito da ita fili. Wasu daga cikinmu suna ajiye kunkuru a gida, wasu ɗan kada a cikin baho, wasu kuma, musamman masu sana'ar magani da wasan gardi, suna da mesa ko guza a akwati. Ba sabon abu ba ne a wajen Bahaushe. Matsalar tana tasowa ne ranar da aka buɗe akwati aka tarar wayam, mai abin kuma ya ja bakinsa don kunya, ko don tsoron mai gida ya ba shi takardar tashi. A ganinmu wannan shirun ya fi kuɓucewar kanta haɗari.

Mu tuna inda muke zaune. A ƙasar Idemili mesa abin girmamawa ce. 'Yan ƙasa suna kiranta Eke, ba sa kashe ta, ko cikin ɗaki ta shiga sai dai a ɗauke ta da sanda a fitar. Wanda ya kashe ta, ko bisa kuskure, a al'adarsu sai ya yi mata jana'iza. Ba addininmu ba ne, amma ƙasarsu ce. To a ce mesarka ta sulale ba ka faɗa wa kowa ba, yaron shagon maƙwabcinka ya ci karo da ita da dare, ya ɗauki katako ya buge ta. Wa zai tsaya sauraron cewa daga Arewa aka kawo ta a buhu? Abin da za a ji kawai shi ne Hausawa sun kashe Eke. Mun san yadda ƙaramar magana take zama gobara a kasuwa, kuma waɗanda za su yi asara ba su ma san ana kiwon komai ba.

Don haka wanda dabbarsa ta fita, a wannan sa'ar ya sanar da mutanen gidan da yake haya, ya sanar da mai gida, sannan ya aiko wa ƙungiya ko fadar Sarkin Hausawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Idan an sani da wuri, iyaye za su tsare yara, kuma ana iya samun ta da rai.

Galibi irin waɗannan dabbobi ba sa yin nisa da farko. Jikinsu yana bin yanayi ne, don haka suna neman lungu mai duhu da ɗumi: ƙarƙashin janareto, bayan firji, tsakanin buhunan albasa da wake, cikin tulin katako. A fara dubawa daga nan. A barbaɗa gari a gindin bango da bakin ƙofa da dare, da safe za a ga sawu. Mesa tana iya yin makonni ba ta ci komai ba, saboda haka rashin ganinta kwana uku ba ya nufin ta bar gidan. Kunkuru kuwa maginin rami ne, ta ƙarƙashin katanga yake fita, kuma yakan fito shan hantsi. Kada ruwa yake bi, da damina kwata ɗaya ta cika ya isa ya tsallaka wata unguwa. Kada kowa ya zuba fetur ko kalanzir a rami ya cinna wuta. A gidan da ɗaki ke manne da ɗaki, wannan neman wata musibar ce.

Za a ce mesa ba ta da dafi, wannan gaskiya ne. Amma uwar da ta haska tocila ta ga maciji kusa da shimfiɗar ɗanta ba za ta tsaya tantance mesa ce ko kasa ba. Za a kuma ce sana'a ce, da ita ake ciyar da iyali. Mun yarda, sai dai a sani cewa tun 1985 akwai dokar tarayya da ta kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, kada da mesa suna cikinsu. Wanda aka kama, ƙungiya ba ta da bakin roƙo.

Matsayinmu shi ne gidan haya ba wurin ajiye maciji ko kada ba ne, komai ƙanƙantarsa, domin ɗan kadan yau gobe ba zai shiga baho ba. Mai kunkuru ya yi masa shinge mai tushe a cikin ƙasa, da inuwa da wuri busasshe, don laimar Kudu tana wahalar da wanda aka kawo daga Sahel. Dabba amana ce. Wanda ya tsare ta, cinta da shanta da tsaronta duk suna wuyansa, kuma za a tambaye shi.

Muna roƙon limamanmu da shugabannin layukan kasuwa su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba sa hawa Facebook. Allah Ya kare mu da iyalanmu, Ya ƙara mana zaman lafiya da masu masaukinmu, amin.

Sakataren ƙungiya